Daga Layin Rabo Zuwa Hubusi: Sharhi a Kan Tafarkin Gidauniyoyin Agaji a Katsina Bisa Ma'aunin Fiƙihun Malikiyya

Tsakure

Wannan maƙala ta ɗora tafarkin da gidauniyoyi da ƙungiyoyin agaji suka fi bi a birnin Katsina, wato tara mabuƙata wuri ɗaya a raba musu hatsi da kuɗi, a kan ma'aunin fiƙihun Malikiyya. An ɗauki Ƙofar 'Yandaka a matsayin madubi, domin a nan ne birni yake haɗuwa da ƙauyukan yamma waɗanda ta'addancin 'yan bindiga ya ɗaiɗaita. Nazarin ya tsaya a kan giɓi huɗu: wurin da ake kai dukiyar, cakuɗa nau'o'inta, barinta a hannun mai ita, da rashin hisabi. Daga ƙarshe an duba uzurorin da masu wannan aiki suke kawowa, an kuma nuna abin da mazhaba ta riga ta tanada na gyara.

1.0 Gabatarwa

Ƙofar 'Yandaka tana cikin tsofaffin ƙofofin ganuwar Katsina, kuma sunanta ɗaya da sarautar 'Yandaka, wanda yake cikin masu zaɓen Sarki, yake kuma riƙe da ƙasar Dutsin-ma. Ta wannan ƙofa Gwamna Lugga ya shiga birnin a 1903. A yau ta nan ake kama hanyar Batsari, kuma ta nan da yawa daga mutanen da aka kora daga gonakinsu a gefen Dajin Rugu suke shigowa birni neman mafaka da abin sawa a baka.

Girman buƙatar ba abin jayayya ba ne. Rahoton da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a 2022 ya nuna cewa mutum miliyan 133, wato kashi 63 cikin ɗari na 'yan Nijeriya, suna cikin talauci mai fuskoki da yawa. A karkara adadin ya kai kashi 72, a birane kuwa kashi 42. A watan Yuli na 2025 ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ta sanar da cewa yara 652 sun rasu saboda tamowa a cibiyoyinta na Jihar Katsina cikin wata shida na farkon shekarar. Ƙananan hukumomin Jibiya, Batsari, Safana, Ɗanmusa, Ƙanƙara, Faskari, Sabuwa da Dandume, waɗanda suka fi ɗanɗana hare-hare, ƙasar noma ce da kiwo. Wanda ya kasance yana fitar da zakkar gero shekarun baya, yau shi ne a layin karɓa.

Al'umma ba ta naɗe hannu ba. Manyan ƙungiyoyin addini irin su Jama'atu Nasril Islam da aka kafa a 1962, da Fitiyanul Islam, da Izala da aka kafa a 1978, da ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN da ta fara a 1985, duk suna da sassan agaji da kula da marayu. Attajirai da 'yan siyasa sun kafa gidauniyoyi da sunayensu ko na iyayensu. Gwamnatin jiha ta kafa Hukumar Zakka da Waƙafi, kamar yadda Zamfara da Kano da Sakkwato suka riga suka yi. Niyyar masu wannan aiki tsakaninsu ne da Ubangijinsu, kuma wannan sharhi bai shiga cikinta ba. Abin da ake tambaya shi ne ko tsarin da ake bi ya dace da hukunci da manufar shari'a. Hausawa sun ce gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

2.0 Wa ya kamata ya yi tattaki?

Siffar rabon da aka saba gani sananniya ce. Ana jiran watan azumi ko jajiberin salla, a yi shela, a raba katin shaida, jama'a su yi sammako su yi layi a ƙofar gida ko a fili, a ɗauki hoto, a watsa a Facebook. Giɓin farko yana cikin wannan layin kansa.

A aikin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ma'aikacin zakka ne yake fita. Lokacin da ya aiki Mu'azu ɗan Jabal zuwa Yaman, ya sanar da shi cewa za a karɓa daga mawadatan mutanen a mayar wa matalautansu. A kan wannan malaman Malikiyya suka gina hukuncin cewa zakka ana raba ta ne a wurin da ta wajaba ko kusa da shi, kuma ma'aunin kusanci shi ne abin da bai kai nisan ƙasaru ba, wato mil 48, kimanin kilomita 80. Amma Shaihu Khalil a cikin Mukhtasar ya yi togiya mai muhimmanci: idan akwai waɗanda suka fi tsananin rashi a wani wuri, to mafi yawan zakkar ake ɗauka a kai musu, a biya kuɗin ɗaukar daga baitulmali, in babu a sayar da ita a nan a sayi irinta a can.

Wannan hukunci yana da baki biyu a halin da Katsina take ciki. Manomi ko ɗan kasuwar hatsi na Funtuwa ko Faskari da yake aiko da zakkarsa birni don a raba ta a wajen biki, alhali matalautan garinsa ba su fi na birni sauƙi ba, ya ƙetare nisan ƙasaru ba da hujja ba. A ɗaya ɓangaren, attajirin birni wanda ya san cewa mutanen ƙauyukan Batsari sun fi maƙwabtansa rashi, mazhabarsa tana umartarsa ya kai musu, ba tare da ya jira sun zo ba. Batsari da Jibiya ma ba su kai nisan ƙasaru daga birni ba, saboda haka a hukunce suna cikin makusanta.

Layin rabo yana tace mabuƙata ta hanyar da ta saɓa wa wannan. Wanda yake iya zuwa shi ne mai kuɗin mota, da mai ƙarfin tsayuwa a rana, da wanda ya san mai raba kati. Tsohuwar da ke jinya, da mai takaba, da mai jego, da dattijon da kunya ta hana shi a gan shi a layi, duk sun faɗi tun kafin a fara. Aya ta 273 ta Suratul Baƙara ta siffanta mabuƙatan da jahili yake zaton mawadata ne saboda kamewarsu, kuma hadisin Abu Huraira da ke cikin Bukhari da Muslim ya bayyana cewa miskini na haƙiƙa shi ne wanda ba shi da abin da zai ishe shi, ba a lura da shi balle a ba shi, shi kuma ba ya tashi ya roƙa. Tsarin da sai mutum ya bayyana kansa kafin ya samu ba zai kai ga irin wannan ba. Haɗarinsa kuma ya wuce nan: a watan Maris na 2024, cikin azumi, turmutsitsi a wajen rabon kuɗin sadaka a Bauchi ya ci rayukan mata da yara, kuma a watan Disamba na shekarar aka ga irinsa a Ibadan da Okija da Abuja.

Ƙasar Katsina ta san wata hanyar. Sarautar Sa'i da take nan har yau ta samo sunanta daga kalmar Larabci ta ma'aikacin da yake zagayawa karɓar zakka. Bayan zuwan Turawa aka narkar da zakkar hatsi da ta dabbobi cikin haraji da jangali, aikin ya tafi, sarautar ta saura. Gidauniyoyin yau sun gaji buƙatar da sa'i yake biya, amma kaɗan ne daga cikinsu suka gaji tattakinsa.

Batun hoto yana da nasa hukuncin. Aya ta 271 ta Baƙara ta yaba bayyana sadaka, ta kuma fifita ɓoye ta idan ga matalauta za a miƙa. Malamai sun so a bayyana zakkar farilla don a yi koyi, a kuma kawar da zargi. Sai dai abin da aka halatta bayyanawa shi ne aikin mai bayarwa. Fuskar bazawara riƙe da ƙullin shinkafa haƙƙinta ne, kuma aya ta 264 ta yi gargaɗin cewa gori da cutarwa suna ɓata sadaka. Hoton da 'ya'yanta za su tarar a intanet bayan shekara goma yana iya shiga wannan babi.

3.0 Tukunya ɗaya, hukunci uku

Giɓi na biyu shi ne yadda ake zuba zakka da sadakar ganin dama da waƙafi a asusu ɗaya, a kira su duka tallafi. Hukuncinsu ya bambanta. Aya ta 60 ta Suratut Tauba ta kasa masu cin zakka gida takwas, kuma abin da mazhabobi huɗu suka tafi a kai shi ne ba a gina masallaci ko gada ko rijiya da ita, domin haƙƙin mutane ne ayyanannu da ake mallaka musu. Sadakar ganin dama tana da faɗi, tana shiga kowace ƙofar alheri, sai dai idan mai bayarwa ya ƙayyade. Waƙafi kuwa, wanda Malikiyya suka fi kira hubusi, asalinsa ake tsarewa, amfaninsa ake ci.

Idan aka cakuɗa, ɓarna biyu take faruwa. Ta farko, a haƙa rijiyar burtsatse da kuɗin zakka a rubuta sunan gidauniya a jikin tanki, mai zakkar ya zaci ya sauke farali alhali a ra'ayin jumhuru bai sauke ba. Ta biyu, a cinye kuɗin da ya dace ya zama jari mai ɗorewa a tukunyar buɗa-baki ta kwana talatin. Haka kuma albashin ma'aikata: rabon masu aiki a kan zakka na wanda shugaba ya naɗa ne, mai adalci, masanin hukuncinta. Ƙungiyar da babu wata hukuma da ta ba ta wannan matsayi wakiliyar mai bayarwa ce, saboda haka ba ta da ikon yankar kuɗin mota da na ofis daga zakka sai ta nemi wata hanya.

Wannan bai sa zakka ta zama abin cin yini ɗaya ba. Malikiyya sun halatta a ba matalauci abin da zai ishe shi shekara, ko da ya wuce nisabi. Shafi'iyya, kamar yadda Imam Nawawi ya inganta, sun kai ga a ba mai sana'a kayan aikinsa, ɗan kasuwa a ba shi jari, don ya fita daga talauci gaba ɗaya. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na uku a Amman cikin 1986, ta amince a juya kuɗin zakka a ayyukan da za su ƙare da mallakar masu haƙƙi, bisa sharaɗin an biya buƙatar gaggawa, an kuma yi tanadin kauce wa asara. Saboda haka akuya uku ga bazawara, ko shanun huɗa da garma ga manomin da aka sace nasa, ko keken ɗinki, duk zakka ce ingantacciya muddin an mallaka. Kuɗin da za a raba wa mutum dubu su ci kwana biyu, idan aka tsayar da gida hamsin da shi, ya fi kusa da manufar wadatarwa da malaman mazhaba suka ambata.

Akwai kuma zakkar da karkara take da ita a hannunta wadda gidauniyoyin birni ba su cika kula da ita ba. Nisabin hatsi wusuƙi biyar ne, sa'i 300, wanda Shaihu Yusuf Ƙardawi ya ƙiyasta da kimanin kilo 653 na alkama. Noman damina ushiri ne, na ban-ruwa da inji ko jigo rabin ushiri. Gero da dawa da shinkafa kowanne jinsi ne mai zaman kansa a Malikiyya, ba a haɗa su don cika nisabi, amma dangin wake ana haɗa su. Manomin da ya samu buhu goma na gero masu cin kilo ɗari, buhu ɗaya ne a kansa. A ƙaddara gunduma tana da irinsa ɗari: buhu ɗari ke nan, a cikin garin, babu kuɗin mota. Masarautun Jigawa, musamman Dutse da Kazaure da Haɗeja, sun daɗe suna tattara zakkar amfanin gona ta hannun hakimai da dagatai da limamai, a raba a gundumar da aka tara. Jihar da take da ƙananan hukumomi 34 da mazaɓu 361 tana da sassan da za a ɗora irin wannan tsari a kai.

4.0 Gidauniya ko aljihun mai gida?

Giɓi na uku ya fi sauran zurfi. Da yawa daga abin da ake kira gidauniya ba su da dukiyar kansu. Suna ne da tambari da takardar rajista. Kuɗin yana aljihun mai kafawa, yana fitarwa lokacin da ya ga dama. Idan ya rasu, ko kasuwa ta juya masa baya, ko ya faɗi zaɓe, sai allon ƙofar ya saura. Marayun da ake biya wa kuɗin makaranta su koma gida a tsakiyar zango.

Fiƙihun hubusi ya hango wannan tun da daɗewa. Asalinsa hadisin Umar ɗan Haɗɗabi ne, Allah Ya yarda da shi, game da gonarsa ta Khaibara, inda aka shawarce shi ya tsare asalin ya sadaukar da amfanin, da kuma rijiyar Ruma da Usman ɗan Affan ya saya ya bar wa Musulmi. Malikiyya sun sharɗanta hauzi, wato dukiyar ta fita daga hannun mai hubusi ta shiga hannun waɗanda aka yi wa ko mai kula da ita, kafin mutuwa ko cutar ajali ko karayar arziki su riske shi. In ba a yi haka ba hubusin ya ɓaci, ya koma gado ko hannun masu bin bashi. Saboda wannan dalili ba su yarda mai hubusi ya sharɗanta wa kansa zama naziri ba. Gidauniyar da mai ita shi ne shugaba, shi ne ma'aji, matarsa da ƙanensa su ne amintattu, ba ta cika wannan sharaɗi ba. Abin da yake bayarwa sadaka ce mai lada in Allah Ya so, amma kiranta sadaka mai gudana yana buƙatar hujja.

Abin lura shi ne babu mazhabar da ta kai Malikiyya sauƙaƙa wannan babi. Ta halatta hubusi na ƙayyadadden lokaci, da na abin da ake ɗauka kamar dabba da littafi da kayan aiki, da na kuɗi ko hatsi don a riƙa ba da rance ana mayar da kwatankwacinsa. Ke nan rumbun iri da manoma za su ranta da damina su mayar da kaka hubusi ne. Injin ban-ruwa da aka tsare wa masu noman rani na shekara biyar hubusi ne. Shago ɗaya a kasuwa da kuɗin hayarsa yake biyan gyaran rijiyoyin ƙauye hubusi ne, kuma shi ne maganin famfunan da ake buɗewa da biki su lalace a rasa mai sayen ƙarfen gyara. Ƙungiyar Akhuwat da Dakta Amjad Saqib ya kafa a Lahore ta Pakistan a 2001 ta gina aikinta a kan rance marar ruwa da ake miƙawa a masallatai, kuɗin yana dawowa yana zagayawa. Manomin Katsina da ya san gayya da adashi ba baƙon wannan tunani ba ne.

Katsina tana da shaidar gida. Jami'ar Al-Qalam, wadda Gidauniyar Musulunci ta Katsina ta kafa a 2005, ta tsaya ne saboda gudummawar jama'a ta koma ƙasa da gini da hukumar amintattu. Tun kafin nan, a cikin Usulus Siyasa da Muhammadu Bello ya rubuta wa Ummarun Dallaje, an lissafa kula da manoma da maƙera da marina da masassaƙa da masu magani, da zaunar da su a garuruwa gwargwadon buƙata, da adana abinci, da gyaran kasuwanni da hanyoyi, a cikin wajiban shugaba. Raya karkara da sana'a yana rubuce a wasiƙar da aka aiko wa wannan birni shekara ɗari biyu da suka wuce.

5.0 Hisabi

Giɓi na huɗu shi ne ɗaukar tambayar lissafi a matsayin rashin kyautata zato. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya yi wa Ibnul Lutbiyya hisabi da ya dawo daga karɓar zakka, ya kuma hana shi riƙe abin da ya ce kyauta aka yi masa. In an yi wa sahabi hisabi, shugaban kwamitin marayu bai wuce a yi masa ba. Dokar kamfanoni ta 2020 ta wajabta wa ƙungiyoyin da suka yi rajistar amintattu da hukumar CAC su riƙa miƙa bayanin kuɗinsu. Wannan mafi ƙarancin abin da ake nema ne. Jama'ar da aka tara kuɗi da sunanta ta fi cancantar ta ji a masallacin Juma'a nawa aka samu, daga wane nau'i, nawa aka kashe, ba tare da ambaton sunan wanda ya karɓa ba. Filin hubusi kuma, tun da Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filaye a hannun gwamna, yana buƙatar takardar mallaka da sunan amintattu, in ba haka ba magada suna iya tayar da magana bayan shaidu sun ƙare.

6.0 Uzurorin da ake kawowa

Masu wannan aiki suna da amsoshi biyu da suka cancanci a saurara. Ta farko, mai yunwa ba ya jiran jari. Wannan gaskiya ne, kuma ƙudurin Amman da kansa ya gabatar da buƙatar gaggawa. Ciyar da wanda ya kwana a kango da 'ya'yansa farilla ce ta kifaya. Abin da ake suka shi ne gaggawa ta zama tsarin dindindin, a shekara goma ana raba wa gida ɗaya buhu ɗaya ba a taɓa tambayar me zai fitar da shi daga layi ba.

Ta biyu, hanyoyin ƙauyuka ba su da aminci, kuma shari'a ba ta ɗora wa ma'aikaci ya jefa kansa ga halaka ba. Wannan ma gaskiya ne. Amma kai zakka ba ya nufin ayarin motoci daga birni. Kowane ƙauyen da bai watse ba yana da liman da mai unguwa da malamar Islamiyya da suka san gidan da bai ɗora tukunya ba. Shirin CSDP da Bankin Duniya ya tallafa ya yi aiki da kwamitocin gari, su zaɓi aikin da suke so, su kawo kashi goma cikin ɗari na kuɗinsa, su kula da shi. Waɗanda suka riga suka yi hijira kuwa suna zaune a unguwannin bayan ganuwa, tafiyar ƙafa daga Ƙofar 'Yandaka, kuma rashin tsaro bai hana a bi su gida-gida ba.

7.0 Kammalawa

Gyaran da wannan sharhi ya kai gare shi bai buƙaci sabon ijtihadi ba. A raba asusun zakka da na sadaka da na hubusi. A mayar da aikin sa'i, mai bayarwa ya nemi mabuƙaci ta hannun mutanen garinsa. Wanda ya kafa gidauniya ya fitar mata da gona ko shago ko hannun jari ya danƙa ga amintattun da ba shi ne yake juya su ba, tun yana da lafiya. A karanta lissafi a bainar jama'a. Nauyi na musamman yana kan malamai da ɗaliban ilimi, domin su ake gayyata su buɗe taron rabo da addu'a, kuma su suka karanta babin zakka da na hubusi a Risala da Mukhtasar. Attajiri yana iya rashin sanin sharaɗin hauzi. Malamin da ke zaune kusa da shi ya sani, kuma faɗa masa yana cikin nasihar da addini ya ɗora masa. Allah ne Mafi sani.